Yadda ake sake cikin tsohuwar a-kori-kura ta jure zafi da ƙurar Sakkwato

Fijo 404 da 504 da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗawa tun 1975, da tsofaffin Datsun da Hilux, har yau ana cin karo da su a garejojin Sakkwato, wasu sun shekara da shekaru a kwance ƙura ta binne su. Masu sha'awa kan ɗauko irinsu su tada injin, su yi musu fenti mai ɗaukar ido, su sake cikin gaba ɗaya. Salon daga kudancin Kalifoniya ta Amurka ya taso a shekarun 1930, inda samari ke sayen tsofaffin Ford su rage musu nauyi su ƙara wa injin ƙarfi, can ne ake ce wa irin motar hot rod. Sai dai ba a ɗauko aikin ciki na can a dasa shi nan yadda yake. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan kan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya wuce 60. Hunturu ya zo da ƙurar da ke bi ta ramin da allura ba za ta shiga ba. Duk abin da za a sa a cikin motar, da waɗannan biyun za a auna shi.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a fara kai motar wajen mai kushin. Shi ne na ƙarshe a layi, ban da rufi mai sandunan ƙarfe da za a yi bayaninsa a gaba. Mai walda ne a gaba, sai rewaya, sai mai gilashi. In aka juya jerin, sai a ga ana yage sabon kafet don a ja waya, ko tartsatsin walda ya huda ledar da aka biya jiya.

Kwancewa da maganin tsatsa

A cire kan batir na baƙar waya tukuna. Sannan a fitar da kujera, da kafet, da allunan ƙofa, da rufin ciki, har sai ƙarfe tsirara ya rage. A ɗauki hoton kowane wuri kafin a taɓa shi, notuna da kusoshi kuma kowane rukuni ya shiga ledarsa da rubutu a jiki. Kada a zubar da tsohuwar rigar kujera ko allon ƙofa komai lalacewarsu, domin su ne za a ɗora a kan kwali a fitar da awo.

Mutane kan ce ƙasarmu busasshiya ce, mota ba ta tsatsa. Tana yi, daga ciki ma. Ƙura tana taruwa a gindin ƙofa ta toshe ƙananan ramukan da ruwa ke fita, damina ta zo ta mai da ita taɓo, ta kwana tana cin ƙarfe. A bi daɓen da sukurudireba ana dannawa da ƙarfi: ƙarƙashin ƙafar direba, bakin ƙofa, inda ƙafafun kujera ke zama, da kusurwoyin gilashin gaba. Inda ya lotsa ko ya huje, a yanke har santimita 2 zuwa 3 cikin lafiyayyen ƙarfe, a kawo faci mai kaurin milimita 1.2. Mai walda ya yi ɗigo-ɗigo yana tsallakawa, yana barin wurin ya huce. In ya ja layi ɗaya bai tsaya ba, zafi zai murɗe daɓen, kujera ba za ta ƙara zama daidai ba. Kafin wuta ta kusanci motar a sauke tankin mai a kawar da tiyonsa. Wanda ya samu Chevrolet C10 ta kafin 1973 ya sani tankinta a bayan kujera yake, cikin ɗakin direba. Bayan walda a goge, a shafa fentin hana tsatsa hawa biyu, a bi bakin facin da abin toshe haɗi. Fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ba ta da aiki a daɓe, rawar mota tana tsaga ta ruwa ya shige ƙarƙashinta.

Toshe ƙura, tare zafi

Da dare a sa mutum ɗaya ya zauna a ciki, wani ya bi ƙarƙashin motar da ɗakin injin da tocila. Duk inda haske ya leƙo, nan ƙura ke bi, nan kuma hayaƙin salansa ke bi, wanda shi ba ya tsayawa ga ɓata kaya, yana sa direba ciwon kai da gyangyaɗi, in ya yi yawa ya kashe. A zagaye wurin da alli. Tsofaffin ramukan da ba su da amfani a toshe su da murfin roba, waɗanda waya ke bi a sa musu zoben roba, a sake robar gindin giya da ta sandar sitiyari. Robar ƙofa kuwa ana gwada ta da takarda: a rufe ƙofa a kanta a ja. In ta zare ba gardama, robar ta mutu a wurin. A zagaya ƙofar duka da gwajin, domin sau da yawa sama lafiya lau, kusurwar ƙasa ta baya ce ke sakin ƙura.

Shimfiɗar farko a kan ƙarfe ita ce baƙar roba mai manne da fuskar alminiyam, mai kaurin milimita 2, wadda ke kashe karkarwar ƙarfe. A tabbata ta butil ce. Akwai mai kama da ita ta kwalta da ake liƙe rufin kwano da ita, tana da arha, amma a zafin Afrilu tana narkewa ta zubo daga rufi, motar ta yi ta warin sabon titi. Ba sai an lulluɓe ko'ina ba, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kowane faffaɗan ƙarfe ya isa, a tsakiyarsa, a murje da abin murza har iska ta fita. A kanta sai soson da ba ya shan ruwa, mai kaurin milimita 6 zuwa 10, shi kam ko'ina. Gwajinsa ba wuya: a tsoma guntu a ruwa a matse, in ruwa ya fito ba shi ba ne. Soson katifa a daɓe gayyatar tsatsa ce.

In kuɗi bai kai a yi ko'ina ba, a fara da rufi, sai bangon da ke tsakanin ƙafafu da injin, sai daɓen da salansa ke bi ƙarƙashinsa. A wannan na ƙarshen a ɗaura farantin alminiyam daga waje, a bar ratar santimita 2 tsakaninsa da daɓen. Ratar iskar ce ke aikin.

Waya

Wayar da ta shekara arba'in bawonta ya bushe, lanƙwasa ɗaya sai ya tsage. A canza duk wadda za ta kwanta ƙarƙashin kafet ko bayan dashbod, a jawo ta rediyo da ta caji da ta fitilar rufi tun yanzu ko da ba yau za a sa su ba. Kowace sabuwar waya da ta taso daga batir ta samu fiyus kusa da shi, cikin santimita 30. Agogunan ƙari masu faɗin milimita 52 sun dace da tsohon dashbod, kuma na zafin ruwa da na matsin baƙin mai su ne kan gaba. Kowane agogo ya zo da na'urarsa ta jikin injin, domin in aka haɗa agogon wani kamfani da na'urar wani, allura za ta nuna ƙarya, a mota irin wannan kuwa ƙaryar agogon zafi kan jawo ƙonewar gasket. Don lura da caji a sa agogon da ke auna bolt, ya fi tsohon mai auna amfiya aminci, wanda shi sai an ratso da duk wutar caji ta bayan dashbod.

Kujera

Nan ne rabin aikin yake. Kafin a yanka soso ko ɗaya, a mai da ƙashin kujerar cikin mota, a ɗora guntayen soso, mai motar ya zauna da irin shigar da ya saba. Ya taka kulochi har ƙasa, gwiwarsa ta rage ɗan lanƙwasa. Tsakanin ƙirjinsa da sitiyari a samu kamar santimita 25. Tsakanin hularsa da rufi a samu faɗin yatsu huɗu, da hular a kansa za a auna, mai naɗa rawani kuma da rawaninsa. Ɗakin a-kori-kura gajere ne, inci ɗaya da aka ƙara wa soson baya inci ɗaya ne aka ƙwace wa ƙafa.

A goge ƙashin, a walde inda ya tsage, a canza sifirin da ya karye, a yi fenti. A kan sifirin a shimfiɗa algarara ko yadin tamfol a ɗaure tamau, in ba haka ba sifirin zai yanka soso kamar wuƙa cikin 'yan watanni. Soson mazauni ya zama mai nauyin kilo 35 zuwa 45 a kubik mita, kaurin inci 2 zuwa 3, a ɗora masa inci 1 na mai laushi. Na baya ya ɗan fi laushi. A yi hattara da nauyi kaɗai, domin akwai soson da ake cuɗa wa garin alli don ya yi nauyi a hannu. A danna da dunƙulen hannu a saki, mai kyau nan take yake tasowa. A murza bakinsa da yatsa, in yana zubar da gari a bar shi. Soson a yanka shi ya fi ƙashin kujera da rabin inci ta kowane gefe, shi ke cika riga ta yi tsam.

Adon da aka fi sanin wannan salo da shi shi ne ɗinkin layi-layi mai tudu, kamar kunyoyin gona. Ana manna ledar a kan soso mai rabin inci wanda ke da yadi a bayansa, a ja layuka da alli inci 2 tsakani, a bi su da keke. Yadin bayan shi ke riƙe zare, soso tsirara zare yanka shi yake yi. Abin da ke kada sabon hannu shi ne kowane layi yana cin kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci. Kujera mai faɗin inci 52 tana ɗaukar layi 26, ka ga an yi asarar sama da inci 3. Don haka ana ɗinka layukan a kan yanki mai yalwa tukuna, sannan a ɗora kwalin awo a yanka. A fara daga layin tsakiya a yi waje, duk layukan kuma ta fuska ɗaya za a ɗinka su. In ana zuwa ana dawowa, ledar tana karkacewa. Layin tsakiyar mazauni da na tsakiyar baya su haɗu daidai, domin shi ne farkon abin da ido ke kamawa da an buɗe ƙofa.

Keken tela ba ya wannan aiki. Yana jan ƙasa ya bar sama, ledar ta tattare. Ana son keken masu kushin mai ƙafar da ke takawa tana jan sama da ƙasa tare, da allura lamba 20 zuwa 22, da zaren foliyesta mai kauri. Zaren nailan yana da ƙarfi ranar farko, amma rana tana cin sa, ɗinkin saman kujera da ke kallon gilashin baya shi zai fara ɓallewa. Tsawon ɗinki ya zama biyar zuwa shida a inci. In ya fi haka matsewa, ramukan allura sun zama layin yagewa kamar na takardar rasit. A bar rabin inci a bakin kowane haɗi, a yi 'yan alamomi a gefen yankuna biyun da za su haɗu don kada ɗaya ya ja ya bar ɗaya.

Wajen sa rigar, ranar Sakkwato tana taimako: a shanya ta minti goma ta yi laushi. A lulluɓe soson da siririyar leda don rigar ta zame, a fara ɗaurewa daga tsakiyar gaba, sai tsakiyar baya, sai gefuna, da zoben ƙarfe da ake damƙewa da filaya, kowane inci 3 zuwa 4. Kusurwoyi ne ƙarshe. In tattara ta fito, a kwance zobe biyu ko uku a sake ja, kada a ce za ta baje da kanta.

Leda, fatar sa, ko jar akuya

Ledar kushin tana zuwa da faɗin inci 54. Doguwar kujera ɗaya kan ci yadi 4 zuwa 5, ƙofofi biyu kamar yadi 2, rufi yadi 2. A saya duka lokaci guda daga naɗi ɗaya a ƙara yadi guda, domin launi kan bambanta tsakanin naɗi da naɗi. A nemi ta mota mai saƙaƙƙen yadi a baya, ta kujerun ɗaki ba a yi ta don rana ba. Baƙar leda tana da kyau a hoto, amma duk wanda ya taɓa zama a kanta bayan azahar ya san sauran. Ruwan ƙasa, ruwan toka, ko ruwan madara sun fi. Tsakiyar kujera inda baya ke zufa ana iya yin sa da yadi mai kauri, a bar leda a gefuna. Saman dashbod ne kaɗai ake so da duhu marar sheƙi, don mai haske yana haskowa a gilashi ya hana ganin hanya.

Ba yadda za a yi a gyara mota a garin nan ba a yi tunanin fatar jar akuya ba. Ita ce fatar da fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka sa mata sunan Maroko, kuma har gobe majema na jeme ta da bagaruwa, dukawa na rina ta ja da karan dafi. Ta cancanci shiga motar, amma a inda ya dace da ita. Fatar akuya ɗaya ƙafa 5 zuwa 6 ce a awon fata, kaurinta bai cika kai milimita 1 ba. Masu kushin kan lissafa ƙafa 18 ta fata a madadin yadi ɗaya na leda saboda abin da ake zubarwa a gefe, ka ga kujerar yadi 5 tana neman ƙafa 90: fatar sa biyu, ko ta akuya goma sha biyar zuwa goma sha takwas, kowace da ɗan bambancin launi, ga haɗi ko'ina. Gefen kujerar direba da ake gogawa kullum wajen shiga da fita zai cinye ta da wuri. Jimar bagaruwa kuma tana duhu a rana, tana ƙanƙancewa ta taurare in zafi da danshi suka haɗu mata. Wurinta shi ne tsakiyar allon ƙofa, da rigar gindin giya, da kan giya, da murfin akwatin dashbod, da naɗin sitiyari.

Abu biyu za a kiyaye. A jiƙa farin ƙyalle a goga a fatar da ƙarfi kafin a saya. In ya ɗauko ja, haka za ta yi wa hannun farar shadda ranar Juma'a, sai an sa baduku ya rufe rinin da abin shafawa an sake gwadawa. Na biyu, kada ta taɓa ƙarfe tsirara. Sinadarin bagaruwa da ƙarfe in suka ji danshi baƙi suke bayarwa, da wannan hikimar ce ma dukawa ke haɗa baƙin rininsu. A yi wa ƙarfen fenti, ƙusoshin ado kuma su zama na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Naɗin sitiyari aikin baduku ne, ya fi mai kushin hannu a nan. A yanka fatar ta gaza zagayen kaurin sitiyarin da 'yan milimita don ɗinki ya ja ta ta kama. Kada a rage girman sitiyarin don ado. Motar da sitiyarinta ba shi da fawa, faɗin sitiyarin shi ne ƙarfin hannunka, in ya gaza santimita 38 juyawa a cunkoson kasuwa zai zama dambe.

Ƙofofi, rufi da daɓe

Allon ƙofa a yanka shi daga filawud mai milimita 3, a shafe shi da fenti gaba da baya. A manna leda mai kauri a jikin ƙarfen ƙofar kafin allon ya hau, ita ke tare ruwan da ke bin gilashi. A huda ramukan hannun ƙofa da na mariƙin gilashi, a sa maƙallan, a gwada allon tsirara a jikin ƙofar, sannan a rufe shi da siririn soso da leda. Soso mai kauri a nan yana hana hannun gilashi juyawa.

Gam shi ke yanke hukuncin rufi. A nemi mai jure zafi, a shafa fuska biyu, a jira har ya daina bin yatsa. A bazara wannan ba ya wuce 'yan mintoci, don haka a yi aikin da safe a inuwa, yanki-yanki, nesa da wuta. Gam ɗin fesawa mai arha shi ne dalilin rufin da ke saukowa kan mutane. In rufin mai sandunan ƙarfe ne, a sa musu lamba wajen cirewa domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, a kuma sa shi kafin mai gilashi ya mai da gilasai, saboda bakinsa ƙarƙashin robarsu yake shiga.

Kafet kada a manne shi. A yanka shi gida biyu ko uku, a ɗinke bakinsa, a riƙe shi da maɓallai yadda za a cire a kakkaɓe. A tabbata bai taɓa totur da birki ba ko an taka su har ƙasa.

Bel da ɗaurin kujera

Yawancin waɗannan motoci bel ɗinsu ya ruɓe ko babu shi. A sa sabo. Daɓen mota shi kaɗai ba ya riƙe noti in an yi karo, yagewa yake yi, don haka kowane notin bel ya samu farantin ƙarfe a ƙarƙashi, mai kaurin milimita 3, kamar santimita 5 da 8, an zagaye kusurwoyinsa don kada su huda daɓen. Notin bel na musamman ne, inci 7/16, a yi amfani da wanda ya zo da shi. Maɗaurin kafaɗa ya zauna daidai kafaɗa ko sama da ita kaɗan. Ƙafafun kujera kuma a ɗaure su da noti mai lamba 8.8 a kansa, da faffaɗan zoben ƙarfe, wato washa, a ƙasa. Kujerar da aka ɗora a kan katako ko aka ɗiga mata walda biyu ba ta ɗauru ba.

Da an gama, a bar motar kwana biyu a inuwa gilasai a sauke don gam ya kama, warinsa ya fita. Sannan a rufe gilasai a bi da ita hanyar da ba kwalta na 'yan kilomitoci, a dawo a ɗaga kafet a duba da tocila. Duk inda aka ga siririn layin jar ƙura, akwai ramin da ya tsere wa gwajin dare, a toshe shi. Bayan mako guda a sake bin notunan kujera da na bel da sifana, domin sabon soso da kafet suna kwantawa su bar su da sako-sako.